Bim ɗaya, amsa uku: muhawarar injiniyoyi kan lissafin tsagewar kankare a kwamfuta

Almajirin Kankare: Assalamu alaikum manyanmu. Kaina ya ɗaure, ina neman a warware mini. Aikin digirina na biyu a kan bim ne mai rodi a ƙasa amma babu zobe (ƙarfen da ke zagaye rodi) ko ɗaya. Na zuba guda uku, faɗi milimita 150, zurfi 250, tsawo mita biyu. Na ba su ruwa kwana 28, muka ɗora su a injin ɗakin gwaji muna danna su a wuri biyu. Na farko ya karye a kilonyutan 62 (ma'aunin ƙarfin dannin ke nan), na biyu 68, na uku 74. Duk ukun mutuwa iri ɗaya suka yi: tsaga ta taso a karkace daga wajen matokari ta nufi inda ake dannawa, sai ƙara kamar an fasa tulu, shi ke nan.

Sai na gina bim ɗin a kwamfuta, cikin manhajar lissafi ta ABAQUS. Da na yanka shi gutsattsari masu milimita 50, kwamfuta ta ce zai ɗauki 91. Na mayar da su 25, ta ce 77. Na matse ragar, wato girman gutsattsarin, zuwa 10, ta kwana tana aiki, da safe ta ce 58. A aji an koya mana cewa matse raga yana kai mutum kusa da gaskiya. Ni kuwa ina matsewa amsar tana sulalewa ƙasa. Wacce zan kai wa mai duba aikina?

Sabon Hannu: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa, ta 77 ai ita ce kusa da gwajinka. Ka tsaya a raga 25, ka ɗan juya kusurwar kumbura da lambar yauƙi, lambobin nan da ake saita wa kankare a manhajar, har layin ya hau kan na gwaji. Haka na ga mutane da yawa suna yi, kuma an karɓi aikinsu.

Dakta Malama: Sabon Hannu, don Allah kada a ba yaro wannan shawarar. Idan ka san amsa tun farko, sannan ka yi ta murɗa lambobi har kwamfuta ta faɗi abin da kake so, ba ka lissafa komai ba. Ranar da aka kawo maka bim da ba a gwada ba, da me za ka murɗa?

Almajiri, kafin in ce komai, faɗa mini yadda ka shigar da halin kankare bayan ya tsage. Teburin da ka ba manhajar, na ƙarfi da miƙewa ne, ko na ƙarfi da buɗewar tsaga? Kuma ka canza shi duk lokacin da ka canza raga?

Almajirin Kankare: Na ƙarfi da miƙewa ne, Malama. Teburi ɗaya na yi amfani da shi a duk ukun. Daga wata takardar bincike na kwafo shi.

Dakta Malama: To, nan gizo yake saƙar. Ka zauna ka karanta da kyau.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma idan aka ja shi abin da yake iya riƙewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kusan haka. Kuma idan ya kai iyakarsa ba ya rabuwa biyu nan take kamar gilashi. Ƙananan tsagogi ne suke taruwa a wuri ɗaya, tsakuwa tana riƙe da ɓangarorin biyu, ƙarfin yana raguwa sannu a hankali har tsagar ta buɗe sosai. Wannan raguwar ita ce tushen matsalarka. Da zarar gutsure ɗaya a cikin ragarka ya fara rauni, duk lalacewar sai ta tattara a layi ɗaya na gutsattsari, maƙwabtansa su huta. Kuzarin da tsagar ke ci a lissafinka kuwa ya dogara da faɗin wannan layin. Layi mai milimita 10 zai ci kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai 50 zai ci. Ka ga ke nan kana matse raga kana mayar da kankarenka mai gautsi. Da za ka ci gaba har gutsuren ya kusa zama ɗigo, kwamfuta za ta nuna tsaga tana tafiya kyauta, ba ta cin komai, abin da ba ya faruwa a duniya.

Wannan ciwo an daɗe da saninsa. A 1967 Ngo da Scordelis a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka fara saka tsaga a lissafin kwamfuta ta hanyar raba gutsattsari a inda take. A 1968 Rashid ya kawo wata dabara: a bar raga yadda take, a rage taurin gutsuren da ya tsage, wato a shafa tsagar a faɗinsa. Wannan ta fi sauƙi, shi ya sa ta bazu, amma ita ce mai ciwon da ya kama ka. A 1976 Hillerborg da abokan aikinsa a Lund ta ƙasar Suwidin suka ce abin da yake halin kankare na gaskiya shi ne kuzarin da ake buƙata don buɗe murabba'in mita ɗaya na tsaga, kuma a auna raguwar ƙarfi da buɗewar tsaga. A 1983 Bažant da Oh suka nuna yadda za a ɗaura wannan a kan dabarar shafawa: ka raba buɗewar tsaga da faɗin gutsurenka.

Ga shi da lamba. A ce ƙarfin ja nyutan 2.5 ne a kan murabba'in milimita, kuzarin tsaga kuma nyutan 0.1 a kan milimita, wanda yake cikin abin da aka saba gani a kankaren gini. Idan raguwar a miƙe take, tsagar za ta saki gaba ɗaya a buɗewar milimita 0.08, wato kuzarin sau biyu a raba da ƙarfin. A gutsure mai 50, miƙewar ƙarshe 0.0016 ce. A mai 25, 0.0032. A mai 10, 0.008. Teburi uku kake buƙata, ba ɗaya ba. Ko kuma ka ba manhajar kuzarin tsagar kai tsaye, tana da wurin shigar da shi, ita ta yi rabon da kanta.

Almajirin Kankare: Allah ya saka da alheri, Malama. Wata biyu ina fama da wannan. Yau zan sake.

Baba Dattijo: Ni shekarata ta wuce talatin a wurin gini, kuma ina girmama ilimin Dakta. Amma ɗana, kafin ka kunna kwamfuta ka ɗauki biro? Faɗi 150, daga sama zuwa rodi a ce 220. Kankare irin naka marar zobe yana riƙe abin da bai kai nyutan ɗaya ba a kan murabba'in milimita, ko ya kai da kyar. Ka ninka: kilonyutan 28 zuwa 33 a kowane gefe, gefe biyu 56 zuwa 66. A bayan ambulan za ka yi shi kafin shayinka ya huce. Da ka yi, da ganin 91 ka san ba gaskiya ba ce. Abin da ke damuna da yaran yanzu ke nan, launin ja da shuɗi a fuskar kwamfuta ya fi musu kwarjini a kan lissafin hannunsu.

Injiniyan Gada: Maganar Baba ta tuna mini da Sleipner A, wanda ya kamata duk mai taɓa irin wannan manhaja ya sani. Dandamalin haƙar iskar gas ne da aka gina wa kamfanin Statoil na Nowe. Gindinsa kankare ne, manyan rumbuna 24 a jere kamar saƙar zuma, huɗu daga ciki sun miƙe sama don su ɗauki benen aiki. Masu ginin ba 'yan koyo ba ne, tun shekarun 1970 suke yin irinsa.

Ranar 23 ga Agusta 1991 ana gwajin nutsar da gindin a ruwan Gandsfjord kusa da garin Stavanger, ana cika shi da ruwa a hankali kafin a ɗora masa bene. Da ya kai zurfin kusan mita 65 sai aka ji ƙara, bango ya dare, ruwa ya rinjayi famfuna. Cikin mintuna kaɗan ya nutse zuwa ƙasan ruwa mai zurfin sama da mita 200, ya farfashe. Na'urorin auna girgizar ƙasa sun kama faɗuwar a maki 3.0. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar ta kai dala miliyan 700.

Me ya jawo? Inda rumbuna uku suka haɗu akwai wani rami mai kusurwa uku a tsakaninsu, ruwan teku yana shiga cikinsa yana tura bangon da dukkan nauyinsa. A lissafin da aka yi da manhajar NASTRAN, gutsattsarin da aka yanka a wannan lungun sun karkace, siffarsu ba ta da kyau, sai ƙarfin yanka (mai neman zame ɓangare ɗaya na bangon daga ɗaya) da ya fito ya gaza na gaskiya da kusan kashi 47 cikin ɗari. Aka tsara rodi a kan wannan lambar. Rodi mai kai kamar harafin T da aka sa don ya ɗaure lungun ya yi gajarta, bai kai inda zai kama da kyau ba, tsaga ta zagaye ƙarshensa ta wuce. Bangon nan kuwa, in ka dube shi, bim ne da aka kafe a gefe biyu ruwa yana danna shi. Ɗan aji uku a jami'a zai iya lissafa ƙarfin yankarsa da hannu.

Baba Dattijo: Madalla. Ga shi nan daga bakin wani. Dala miliyan 700 saboda an bar biro.

Dakta Malama: Baba, ranka ya daɗe, rabin labarin ka ɗauka. Lissafin da ya yaudare su bai san tsaga ba kwata-kwata, ya ɗauki kankare kamar roba mai komawa yadda take. Kuma manhajar ba ta yi kuskure ba, ragar da aka ba ta ce marar kyau. Bayan hatsarin, da masu bincike suka sake lissafi da kyakkyawar raga da halin kankare na gaskiya, sai ya nuna bangon zai karye a zurfin mita 62. Ya karye a 65. Wane biro ne zai gaya maka inda tsagar za ta bi, da cewa ƙara tsawon rodin nan kaɗan zai canza ƙarfin lungun? Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa lissafin hannu zai kama kuskuren tun farko, kuma da suka zo gina na biyu sun jingina sosai a kansa, har suka fara tura gas a Oktoban 1993. Amma fahimtar yadda ya mutu, kwamfuta da gwajin ɗakin bincike ne suka ba da ita.

Sannan akwai inda ƙa'idar bayan ambulan take kashe mutum. Lambar da ka ba yaron nan daidai take a bim mai zurfin 250. Ka kai ta kan mai zurfin mita biyu marar zobe, za ta ba ka ƙarfin da babu shi. Babban bim yana karyewa a ƙaramin matsi fiye da ƙaramin bim, domin tsagarsa ta fi buɗewa, tsakuwa ba ta iya cizon ɗaya gefen. Bažant ya fitar da dokar wannan a 1984. Ƙa'idar ginin kankare ta Amurka ba ta saka shi a lissafin yanka na yau da kullum ba sai a bugun 2019.

Injiniyan Gada: A kan wannan, Dakta, akwai gwajin Jami'ar Toronto na 2015. Collins da Bentz da ɗalibansu sun zuba wani yanki na daɓe mai zurfin mita huɗu, suka gayyaci injiniyoyin duniya kowa ya faɗi nauyin da zai karya shi kafin a danna. Hasashe 66 aka samu, na jami'o'i da na kamfanoni. Gefen da babu zobe ya karye a kilonyutan 685. Hasashen kuwa ya tashi daga 250 har ya haura 3,700. Cikin masu manyan manhajoji akwai waɗanda suka zo kusa ƙwarai, akwai waɗanda suka yi nisa. Shi ya sa ni idan aka kawo mini hoton tsaga mai launi, tambayata ta farko ita ce wa ya yi, kuma a kan wane gwaji ya taɓa auna hannunsa.

Sabon Hannu: To in manyan duniya sun bambanta haka, mu me ya kai mu? Ba gara mu tsaya a manhajojin zanen gini na ETABS da Orion mu fitar da rodi mu tafi ba?

Hajiya Injiniya: Ƙanena, aikin nasu daban ne. Waɗancan suna raba maka nauyi su ba ka yawan rodi bisa ƙa'ida, kuma ga gidan bene biyu ko uku sun isa. Lissafin tsaga ana neman sa ne inda ƙa'ida ba ta kai ba: tsohuwar gada da ake son sanin ko za ta ɗauki tirelolin yau, madatsar ruwa, gindi mai kaurin gaske da zafin siminti ke tsagawa daga ciki, ko mahaɗa mai siffar da babu ita a littafi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gadar masu tafiya a ƙasa ta Jami'ar FIU a Mayami, wadda ta faɗi ranar 15 ga Maris 2018 ta kashe mutum shida. Hukumar binciken hatsari ta Amurka ta gano cewa masu zane sun rage nauyin da ke kan wata mahaɗa a lissafinsu, suka kuma ɗauka ta fi ƙarfin da take da shi. Amma kankaren ya yi magana. Kwanaki kafin faɗuwar tsagogi sun buɗe a wurin, hukumar ta ce girmansu ya ninka abin da aka saba yarda da shi sau 40. An ɗauki hotuna. A safiyar ranar aka yi taro aka ce babu hatsari, ba a rufe titin da ke ƙarƙashi ba. Mutane sun ga tsaga da idonsu, suka gaskata takarda. Duk lokacin da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don motocin da ke ƙasa suna jiran danja ne kawai.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da yawa BAEL, ƙa'idar ginin kankare ta Faransa, muka taso da ita. Ita ba ta sa ka lissafa faɗin tsaga kai tsaye, sai ta raba wuri gida uku: inda tsaga ba ta da lahani sosai, inda take da lahani, da inda take da lahani ƙwarai, kamar tankin ruwa. Sai ta rage maka abin da rodi zai ɗauka gwargwadon haka. Ku da kuke bin ta Ingila ina jin milimita 0.3 ce iyakarku a gini na yau da kullum, ko?

Hajiya Injiniya: Haka ne, 0.3, tankin ruwa kuma 0.2.

Baba Dattijo: To bari in faɗa muku abin da babu shi a BAEL ko ABAQUS. Wata shekara cikin hunturu muna zuba dakin (rufin kankare) na wani ɗakin taro. Zane lafiya, rodi lafiya, ni na ƙirga su da hannuna. Na je sallar azahar na dawo, na tarar mai injin kwaɓi ya sa yaro yana ƙara bokitin ruwa a kowane juyi, wai leburori sun ce kwaɓin ya yi tauri, ba ya zubowa daga kwano. Na sa hannu na ɗebo, ruwan siminti yana bin yatsuna, tsakuwa ta zauna a tafina tsirara. Kafin la'asar iskar nan mai bushewa ta sha fuskar dakin, ga tsagogi nan birjik kamar ƙasan tafki a bazara, wasu tsinken tsintsiya yana shiga. Buhunan da na ce a jiƙa a rufe suna nan a tare a gindin bishiya. Kiyub ɗin kankaren da aka kai gwajin ƙarfi kuwa daga juyin farko na safe aka ɗiba, sakamakonsa ya fito tas.

Dakta, lambar da za a shigar a kwamfuta ta wannan dakin, ta kiyub ce ko ta abin da ke tafina?

Dakta Malama: Ta abin da ke tafinka, Baba, kuma a nan ba ni da ja. Shi ya sa idan za a auna ginin da yake tsaye ake huda shi a ciro kankaren kansa a gwada. Akwai ma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: kuzarin tsagar da muke sakawa, yawanci daga ƙa'idojin Turai muke ɗaukowa, waɗanda aka gina a kan tsakuwarsu da simintinsu. Dutsen da ake fasawa a nan, da tsakuwar rafi, da yashin da ke zuwa da laka, kowanne zai ba da nasa. Gwajin ba shi da wuya a fahimta: ƙaramin bim marar rodi, a yi masa tsaga da zarto a tsakiya, a danna a hankali ana auna yadda yake saki. Wahalar ita ce injin da zai iya bin sa bayan ya kai ƙololuwa ba tare da ya fasa shi lokaci ɗaya ba. Ɗalibin da ya yi mana wannan a kan kayan gininmu ya fi mini masu hotuna masu launi goma amfani.

Almajirin Kankare: Na dawo. Na cire teburin, na shigar da kuzarin tsaga. Raga 50 ta ba da 73, raga 25 ta ba da 70, raga 10 ta ba da 69. Tsagar ma yanzu a karkace take fita kamar yadda na gani a ɗakin gwaji. Na kuma yi lissafin Baba a takarda, na samu 58. Ban taɓa kusurwar kumbura ba. Shi ke nan in rubuta?

Dakta Malama: Alhamdu lillahi, amma da saura. Bim ɗinka uku da kansu sun bambanta daga 62 zuwa 74, don haka kada ka rubuta cewa lissafinka ya dace da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, kankaren bai ba ka wannan damar ba. Ka nuna duka ragogin uku, na da da na yanzu. Ka duba ko nauyin da ka ɗora ya yi daidai da abin da matokarai suka mayar. Ka rage lambar yauƙi sau goma ka ga ko amsar ta motsa.

Sannan ga abin da nake so. Ka gina bim mai zurfin 500 a kwamfuta, tsawo mita huɗu, rodi ninki biyu, kada ka taɓa lamba ko ɗaya ta kankare. Ka rubuta nauyin da zai karya shi a takarda, ka sa hannu da kwanan wata, ka ba mai duba aikinka ya ajiye a aljihun teburinsa. Bayan nan ka zuba shi.

Baba Dattijo: Kuma ka tsaya a kan mai kwaɓin da kanka, ɗana. Ka auna ruwan da bokiti ɗaya, ka yi masa alama da fenti. Ni ma ga tawa lambar, a ajiye ta tare da ta kwamfutar: faɗi 150, zurfin rodi 450, ina cewa tsakanin 95 da 110, tunda Dakta ta ce babba ya fi gautsi.

Almajirin Kankare: Na karɓa, Baba. Gobe zan je wurin kafinta a kan katakon, sannan in tambayi mai kula da ɗakin gwaji ko injin zai ɗauki mita huɗu. In bai ɗauka ba, Malama, zan iya yin ƙarami mai zurfin 125 a madadinsa?

Dakta Malama: Za ka iya, amma bambancin ba zai fito sosai ba, kuma tsakuwarka za ta yi wa bim ɗin girma. Ka fara tambayo maganar injin tukuna.